Sun Auna Damtse, Ciwon Yana Cikin Ido

Zuwa ga Hajiya Atika, mai wannan fili.

Assalamu alaikum. Hajiya, don Allah ki taimaka mini da shawara, don abin ya tsaya mini a rai, kuma duk wanda na gaya wa a gida maganar za ta zagaya ta faɗa kunnen wanda nike magana a kai. Ki yi haƙuri da tsawon takardar. Ni ba marubuci ba ne, tela ne, inda zare ya ja ni nan nike bi.

Shekaruna arba'in da uku. Ina da shago cikin kasuwar Bodinga, ina ɗinkin maza, na fi ƙarfi ga aikin wuya da aljihu. Asalinmu Horo Birni ne, ƙasar Shagari, can mahaifiyarmu take har yanzu. Mu huɗu ta haifa da munka rayu. Babbanmu zan kira shi Tukur a nan, ko da yake ba shi ne sunansa ba. Direba ne, shina jan bas ta haya tsakanin Sakkwato da Shagari, shekara ashirin da wani abu ke nan. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni koyon ɗinki, keken da na fara da shi ma shi ya ɗauro shi bisa rufin mota ya kawo mini. Na faɗi wannan don ki san irin mutumin da nike son gaya wa maganar da ba ya son ji.

Wata bakwai da sunka wuce allura ta karye ina cikin aiki, na ji wani abu ya faɗa mini ido na hagu. Kwana biyu idon na ruwa, mai ɗakina Hadiza ta matsa, na tafi wani asibitin ido a Sakkwato. Ba a sami guntun allura ba, ɗan ƙarzane ne kawai. Amma likitar, wata yarinya ce da Hausarta ba ta nuna ba, ta daɗe tana haska cikin idon fiye da yadda ƙarzane ke bukata. Sannan ta tambaye ni ko akwai makaho a gidanmu.

Anka kai ni wani ɗaki. Akwai wata na'ura, ka ɗora haɓa, ka jingina goshi, ka kalli wani ɗan koren haske, kada ka ƙifta. Ba zafi, ba abin da ke taɓa ido, kafin in gyara zama an gama. Sai ga takarda ta fito da zane biyu, ɗaya na kowane ido, da launi kore da rawaya da ja. Wata nas ce ke fassara mini. Ta ce can ƙuryar ido akwai wata shimfiɗa ta ƙananan jijiyoyi, sirara kamar zare, su ke tattaruwa su zama igiya guda mai kai gani ga ƙwaƙwalwa, kuma na'urar kaurin shimfiɗar nan take aunawa. Inda ya fito kore lafiya lau. Inda ya fito ja zaren ya ci. Idona na hagu ja ne sama da ƙasa, na dama akwai ɗan rawaya gefe guda. Ban yi gardama ba, don in akwai abin da na sani a duniya, na san yadda yadi ke yin shara-shara kafin ya yage. Daga nan anka sa ni wani gwajin, ka riƙe wani ɗan abu kana latsawa duk lokacin da ka ga haske ya gilma, anka kuma auna cikin idon da wani shuɗin haske. Likita ta kira sunan ciwon da Turanci, gilakoma. Nas ta ce da Hausa shi ne hawan jinin ido. Anka rubuta mini maganin ɗigawa safe da yamma, anka ce ba a dainawa, in dawo bayan wata uku, kuma in zo da duk wanda munka haɗa uwa ko uba.

To, akwai makauniya a gidanmu. Inna ce. Shekara goma sha ɗaya ba ta gani. Idonta garau yake, in kin kalle ta sai ki rantse ke take kallo. A hankali abin ya zo, ta fara tuntuɓe da turmi, tana cin karo da bakin ƙofa, har aka wayi gari sai an riƙe mata hannu. Da masu aikin ido kyauta sunka zo, munka kai ta, anka cire wa tsofaffi yana sunka koma gida suna gani, ita anka ce nata ba yana ba ce, ba abin da za a cire. Mutanen gari kowa da tashi fassarar, wasu sun ce iska ce, wasu sun ce hannu anka sa mata. Yaya Tukur ne ya yi ta yawo da ita wurin masu magani har ya gaji. Tun daga nan ba a maganar idon Inna gabansa. Yanzu in na kai mata ziyara takan kama wuyan rigata ta bi aikin da yatsu, ta ce ɗinkin ya yi kyau, ko ta ce na yi gaggawa a nan.

Da na zauna na yi tunani, na ga akwai abubuwan da ban ɗauka komi ba a da. Wani dattijo da nike wa ɗinki ya taɓa aiko mini da saƙo wai na yi girman kai, ya ɗaga mini hannu sau biyu a hanya na wuce. Wallahi ban gan shi ba. Almakashi kuma sau nawa ina nemansa shina nan gefen hagu bisa tebur. Wannan nawa ne, kuma ba shi ya sa na rubuto ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na fara ganin irin haka ga Yaya Tukur. Mutane na tsegumi a tasha wai shina wuce fasinja a bakin hanya da sauran wuri a mota. Surukinsa na kansa ya tsaya a Sifawa shina ɗaga hannu, ya wuce shi, sai da anka yi biko kafin anka shirya. In zai fita daga tasha, dukan wuyansa yake juyawa, ba haka yake tuƙi a da ba. Kuma ya girme ni da shekara takwas.

Na yi ta auna yadda zan faɗa masa, daga ƙarshe na same shi bayan Juma'a na gaya masa an ce ina da hawan jinin ido, ana gadonsa, an ce shi ma ya je a duba. Ya tashi ya tafi abinsa. Ashe maganar ta shige shi. Washegari ya shiga kemis ɗin wani Maniru da ke kusa da tasha ya ce a auna masa jini. Anka ɗaura masa abin nan a damtse, ya fito ɗari da ashirin bisa tamanin, Maniru ya ce jininsa kamar na saurayi. Ya sa anka rubuta masa a takarda, ya zo har shago ya ajiye mini bisa keke gaban mutane. Ya ce tunda jinin jiki duka bai hau ba, ta ina na ido zai hau, ko ido ba cikin jiki yake ba? Ya ce na je birni an cika mini kai, ina neman in yi masa mugun baki, kuma in na sake haɗa sunansa da ciwon Inna za mu ɓata. Takardar tana nan cikin aljihun motarsa, duk wanda ya taɓo maganar ido sai ya zaro ta.

Gaskiya, Hajiya, maganarsa ta yi mini ma'ana. Ni mutum ne mai aiki da awo, kuma ban taɓa ganin awo ya yi ƙarya ba. Na je wurin Maniru ni ma, nawa ya ma fi nasa kyau. Na sake aunawa ranar kasuwa uku a jere, duk lafiya. Maganin kuma da ma shina da zafi, shina sa idona ya yi ja har abokai sun fara tsokanata wai ko na fara shan wani abu, ga ɗaci da ke sauka maƙogwaro. Sai na ajiye shi, wata huɗu ke nan. Ranar komawa asibiti ta faɗo tsakiyar ɗinkin Sallah, ban je ba. Ban ji wani canji ba. Har yau ina zura zare a ƙaramar allura ba tabarau, abin da sa'o'ina da yawa ba su iyawa. Wannan dai na faɗa ne don ki san komi.

Makon jiya madubin motarsa na dama ya fashe. Amalanke ya goga, ɗauke da buhunan albasa a gefen hanya nan cikin Bodinga, da rana tsaka. Ba wanda ya ji rauni. Ya rantse da Allah amalanken ba ta nan lokacin da ya duba, kuma na san shi, ba ya rantsuwa kan ƙarya. Wannan rantsuwar ce ta hana ni sukuni. Mutum goma sha takwas yake ɗauka kowane sawu.

Ga inda na tsaya. In na koma masa da maganar, za mu ɓata, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da nike. In na gaya wa uwargidansa, zai ce na shiga masa gida. In na gaya wa shugaban tasha, motar ba tasa ba ce, mai ita zai karɓe makulli a ranar, shi kuwa ɗiya tara gare shi kuma ba ya da wata sana'a. In na yi shiru kuma wani abu ya faru, ban san da wane ido zan kalli mutane ba. Ko kuwa shi ke da gaskiya, ni ne na ɗauko abin da babu na ɗora wa kaina? Ki faɗa mini abin da ya dace, ko da ba zai yi mini daɗi ba.

Mai Allura, Bodinga.

*

Wa alaikumus salam, Mai Allura.

Na bar maka Sakkwatancinka yadda ka rubuto, na kuma karanta takardarka sau biyu. Ni ba likita ba ce, don haka na kai ta wurin wata likitar ido da na sani na ce ta duba mini. Ba ta tsaya a kan madubin mota ba. Inda ta ɗora yatsa shi ne wurin da ka ce ka ajiye magani wata huɗu, ka kuma wuce kamar ba ka faɗi komai ba. Ka rubuto ne a kan yayanka, amma a cikin ku biyun mutum ɗaya ne aka tabbatar yana da ciwon, kuma shi ne ya daina shan wahalar magani. Da kai zan fara.

Sunan ne ya yaudare ku. Abin da ake kira hawan jinin ido ba jini ba ne yake hawa. Akwai wani ruwa da ido yake yi wa kansa, yana shiga yana fita. Idan hanyar fitarsa ta cushe sai ya taru ya matse waɗannan siraran jijiyoyin da aka nuna maka, su riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Abin da ake ɗaurawa a damtse bai san da wannan ruwan ba ko kaɗan. Mutum zai iya samun jini kamar na saurayi yana kuma makancewa. Maniru bai yi muku ƙarya ba, abin da kuka ce ya auna shi ya auna. Ka ce awo ba ya ƙarya, na yarda. Amma kai tela ne, ka taɓa auna ƙugun mutum ka ɗinka masa hula? Awon da ya shafi wannan ciwo shi ne wanda aka yi maka a asibiti, mai kore da rawaya da ja, da wanda aka yi da shuɗin haske.

Zura zare a allura ma kada ya ruɗe ka. Likitar ta ce wannan ciwo daga gefe yake fara ci, tsakiyar gani ce take zama ta ƙarshe, kuma yawanci ba ya zafi, ba ya sanarwa. Shi ya sa kake ganin kafar allura amma ba ka ganin dattijon da ke ɗaga maka hannu. Jijiyar da ta mutu kuma ba ta dawowa, ba magani ba aiki. Abin da magani yake yi shi ne tsare wadda ta rage. Kada ka koma wa tsohuwar kwalbar, ta daɗe a buɗe. Ka koma asibitin a wannan makon da takardarka mai launi, ka faɗa musu gaskiya cewa ka daina, ka kuma faɗa musu zafin da jan idon da ɗacin. Magungunan kala-kala ne, suna iya canza maka, akwai kuma yadda ake danne gefen hanci bayan ɗigawa don kada ya sauka maƙogwaro, za su nuna maka. Za su yi maka faɗa, ka haƙura ka saurara.

Yanzu ga Yaya Tukur. Kada ka ɗauka taurin kai ne kawai. Mutumin da bai damu ba ba ya zuwa kemis washegari, ba ya kuma ajiye takarda a aljihun mota yana nuna wa mutane. Shi ne ya yi yawo da mahaifiyarku yana kallo ganinta yana tafiya ba abin da ya iya. Ka zo masa da sunan ciwo da maganar gado a rana ɗaya, abin da ya ji shi ne makanta, da makullin mota a hannun wani, da yara tara. Tsoronsa yana da dalili. Sannan ni da kai ba mu san yana da ciwon ba. Yana iya zama shi, yana iya zama yana ce ke farawa, yana iya zama tabarau kawai yake bukata. Sai an duba za a sani.

Naka dalilin kuma ya fi nasa nauyi, don rayukan da ke bayansa a mota ba su san da wannan zance ba. Saboda haka shiru ba ya cikin zaɓi. Amma zuwa wurin shugaban tasha a yanzu yanke hukunci ne kafin bincike, kuma yayanka ba zai manta maka ba. Uwargidansa ma ka bar ta tukuna.

Ka je masa a matsayinka na ƙane, da naka laifin a hannu. Ku kaɗai, ba a shago ba, ba a tasha ba. Ka ce masa ka yi wauta, ka daina magani, za ka koma asibiti kuma kana jin tsoron abin da za a faɗa maka, kana roƙon ya raka ka kamar yadda ya raka ka wurin koyon ɗinki. Wannan ba dabara ba ce, gaskiya ce, kuma mutumin da ka siffanta mini zai yi wuya ya ƙi. Kada ka ɓoye masa cewa kana son a duba shi shi ma, ka faɗa sau ɗaya ka yi shiru. Kalmar hawan jini kuwa ka cire ta daga bakinka gaba ɗaya, ta yi ɓarnar da ta isa. Ka ce hoton jijiyar ido ne, ba allura ba wuƙa, kafin ya gyara zama an gama. Ya ɗauko takardar Maniru ya nuna wa likita da hannunsa, ya ji amsar daga bakin da ba na ƙanensa ba. Ka kuma sanar da shi abin da likitar ta faɗa mini, cewa da yawa waɗanda aka gano ciwon da wuri suna ci gaba da sana'arsu shekara da shekaru. Ko zai ci gaba da tuƙi ko a'a, gwaji ne zai nuna, amma kowane wata da ya wuce ba a duba ba yana rage masa damar.

Idan ya ƙi, akwai wadda ba zai iya zaro wa takarda ba. Ka je Horo Birni ka zauna da Inna ka yi mata bayani dalla-dalla. Ba na cewa ciwonta shi ne naka, ba a duba ta da wannan na'ura ba, amma ta fi kowa sanin yadda abin yake farawa, kuma umarninta umarni ne. Ka ba wa wannan duka mako biyu, kada ya wuce. Idan bayan Inna ta yi magana bai je ba, ka gaya masa ido da ido cewa za ka sami wani dattijo da yake jin nauyinsa a tasha, sannan ka je. Zai yi fushi, amma ba ka zagaye shi ba. Sauran 'yan'uwanku biyu ma ka kira su, kada ka bari sai sun fara tuntuɓe.

Abu ɗaya na kasa wucewa a takardarka, yadda Inna take kama wuyan rigarka tana bin aikin da yatsu. A lokacinta ba a yi mata hoton nan da wuri ba, ba wanda ya ba ta kwalba ya ce safe da yamma. Kai an yi maka, an ba ka, ka ajiye don abokai sun yi maka dariya. Abin da ya yi ja a takardar asibitin nan ya tafi ke nan. Koren da ya rage shi ne kake ganin allura da shi, da fuskar Hadiza, da hanyar Horo Birni, kuma wata huɗu ke nan ba mai tsaronsa.

Ka rufe shago gobe ka tafi, ko da rakiya ko babu. Allah ya tsare maka abin da ya rage, ya sassauta zuciyar yayanka, ya ƙara wa Inna lafiya. Ka gaishe mini da ita.

Hajiya Atika